Me Ya Sa Rubutun Turanci Ba Ya Bin Lafazi?

Duk mai koyon Turanci ya taɓa cin karo da wannan: a rubuta "knife", wato wuƙa, amma a furta "naif". Ina harafin "k" ya shiga?

Amsar tana cikin tarihi. A da can mutanen Ingila suna furta shi. A shekarar 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster, rubutu ya fara tsayawa wuri guda, lafazi kuwa ya ci gaba da sauyawa. Tun kafin nan, mamayar da Normandawa suka yi wa Ingila a 1066 ta shigo da ɗimbin kalmomin Faransanci da salon rubutunsu.

Saboda haka ɗalibi ya riƙa sauraron kalma yana duba rubutunta. Sannu ba ta hana zuwa.