Tahƙiƙi a Kan Saƙon Sauya Manhajar Waya

Wani saƙo yana ta zagaya zaurukan WhatsApp na 'yan uwa da abokan arziki, yana da'awar cewa duk wanda ya sauke fayil ɗin da aka liƙa a ƙasansa, to wayarsa ta kuɓuta daga hannun Google, ta koma kan buɗaɗɗiyar manhaja, ba mai ƙara sanin inda yake, ba kuma zai sake sayen data ba. Batun data kyauta bai cancanci jayayya ba, domin kamfanin layi ne ke sayar da ita. Batun ɓuya ma haka, tunda muddin akwai layi a waya, kamfani ya san turken sadarwar da take kusa da shi.

Abin da ya tabbata shi ne, irin waɗannan buɗaɗɗun manhajoji suna nan, kuma masu amfani ne: akwai LineageOS da ta fito a 2016 bayan rushewar CyanogenMod, akwai GrapheneOS da aka gina a kan wayoyin Pixel, kuma falalarsu ita ce an baje rubutunsu a fili domin masana su bincika, su fallasa duk wani ha'inci da aka cusa. Saboda haka ban zargi wanda ya gaskata saƙon ba, don kuwa wanda ya gaji da tallace-tallace da leƙen asiri yana da uzuri.

Amma wanda ya ƙirƙiri saƙon, da masu tura shi ba tare da tuntuɓar kowa ba, alhakin jama'a yana wuyansu. Babbar manhajar waya ba ta sauyuwa da latsa fayil ɗaya. Sai an buɗe kullen da kamfanin da ya ƙera wayar ya yi mata, galibi ta haɗa ta da kwamfuta, kuma buɗewar kanta takan shafe hotuna da saƙonni da duk abin da ke ciki, bayan haka wasu manhajojin banki su ƙi aiki, balle ma Tecno da itel da Infinix da suka cika hannun mutanenmu, waɗanda da wuya ka gan su a jerin wayoyin da LineageOS da GrapheneOS suka amince da su. Fayil ɗin da ke yawo kuwa tamkar ruwaya ce da babu isnadi, daga majhuli zuwa majhuli. Ban ce lalle na ɓarayi ne ba, sai dai wani da ya sauke shi ya nuna mini tasa wayar, abin da ya fara bayyana shi ne neman izinin karanta saƙonnin tes, alhali nan ne banki ke aiko da lambar tabbatar da fitar kuɗi.

Wanda ya riga ya sauke, ya kashe data nan take, ya goge fayil ɗin, ya sauya lambobin sirrinsa daga wata wayar, sannan ya sanar da bankinsa tun kafin a taɓa masa asusu.