Ciwon Sukari da Ƙoda: Abin da Ɓera Ya Koya wa Likitoci

Yau maganarmu a kan ƙoda ce. Ƙoda ita ce rariyar jiki, dare da rana tana tace jini, tana zubar da dattin ta fitsari. Ciwon sukari in ya daɗe yakan sa jini ya riƙa matsa wa rariyar nan da ƙarfi har ta fara yoyo. Mugun abin kuwa, mutum ba ya jin zafi ko kaɗan. Sai dai ya ga kumfa a fitsarinsa, can daga baya ƙafafu su kumbura.

To, a 1986 a birnin Boston na Amurka, likita Barry Brenner da abokan aikinsa suka sa wa ɓeraye ciwon sukari, sa'an nan suka ba waɗansu wani maganin hawan jini mai suna enalapril, suka bar sauran haka nan. Waɗanda ba su sha ba ƙodarsu ta lalace. Waɗanda suka sha kuwa ƙodarsu ta tsira, ko da yake sukarinsu bai sauka ba. Watau maganin ya sassauta matsin da ke cikin rariyar ne. Abin mamaki, asalin irin magungunan nan daga binciken dafin wani maciji na ƙasar Brazil aka samo shi.

Amma ɓera ba mutum ba ne, don haka ba a tsaya nan ba. A 1993 aka ba da labarin gwajin ɗan'uwansa captopril a kan mutane 409 masu ciwon sukari, aka ga ya rage mutuwar ƙoda ƙwarai. A 2019 kuma aka tabbatar wani iri dabam, canagliflozin, mai fid da sukari ta fitsari, shi ma yana kāre ƙoda.

Saboda haka, mai ciwon sukari, kai fitsarinka asibiti a auna ko sau ɗaya a shekara, a kuma auna jininka. Kada ka sayi magungunan nan a kasuwa, sai likita ya rubuta. Mai ciki ba ta shan su sam, gama suna cutar ɗan da ke ciki. In busasshen tari ya dame ka, faɗa wa malamin asibiti a sake maka wani. In amai da gudawa suka kama ka, zo ɗakin magani a ranar. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac kuwa, waɗanda ake sha kamar gyaɗa, su kansu suna cin ƙoda, ka nisance su sai da izinin likita.