Jakar Ruwan Da Ke Jikin Hantar Ragon Layya

A layyar bara, a gidanmu na Jisonayili, mahauci ya buɗe cikin rago sai ga wata jaka fara, cike da ruwa, manne a hanta. Na ce, “Baba, wannan fa?” Ya ce, “Ruwa ne kawai, Malam.” Ya yanke ta ya wurga bayan katanga. Kafin mu gama fiɗa, karnukan unguwa sun lashe.

Wani abokina ma'aikacin jinya ne ya tayar mini da hankali daga baya. Ashe irin wannan jaka kan zama gidan 'ya'yan wata tsutsa, ekinokokus. Kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito cikin kashinsa. Daga nan sai ƙasa, ganye, ruwa, hannun yaro. Naman ragon ba shi ke sa mana cutar ba, ta hanyar kare take dawowa. An sha ganin jakar a jikin raƙuma a mayankar Kano, a Turkana ta Kenya kuwa mutane sun daɗe suna fama da ita.

A jikin mutum takan zauna a hanta, wani lokaci a huhu, tana girma shekara da shekaru shiru. Abin tsoron shi ne ranar da ta fashe. Faɗuwa daga babur ta isa, ko bugu a filin ƙwallo. Ruwan ya shiga jini, jiki ya yi masa bore: borin jini, leɓe da maƙogwaro su kumbura, numfashi ya sarƙe, jini ya sauka, mutum ya zube cikin mintuna. Mu kuma, ka san mu, sai a ce iska ce, a nemo hayaƙi. Allurar adirenalin ake buƙata a take, asibiti ke nan, ko da Asibitin Koyarwa na Tamale ne. Ko likita idan zai cire jakar lallaɓa ta yake, ya haɗa da maganin albendazol.

Ɗalibaina arba'in da wani abu ne, rabinsu a ƙasa suke cin abincin tara, ba wanke hannu. Bana na riga na haƙa rami mai zurfi kusa da inda za a yanka, na kuma gaya wa Baba mahauci. Dariya ya yi, amma ya yarda.