Yaƙi da tsatsa: Abin da kwamfuta za ta iya yi mana

Mu mazauna Kaduna ba sai an faɗa mana darajar ƙarfe ba. Ga gadar jirgin ƙasa a kan kogi, ga bututun ɗanyen mai da ke zuwa matatar da aka buɗe a 1980, ga kuma bututun iskar gas na AKK mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Dukkansu tsatsa ce abokiyar gabarsu. A 2016 ƙungiyar masana ta NACE ta ƙiyasta cewa tana jawo wa duniya asarar dala tiriliyan 2.5 a kowace shekara.

Ɗaya daga cikin hanyoyin kariya ita ce zuba wani sinadari ɗan kaɗan a cikin ruwan da ke bin bututu. Ƙwayoyinsa sukan manne wa fuskar ƙarfen su zame masa riga, ta yadda ruwa da asid ba za su kai gare shi ba. A da, sai an gwada sinadarai ɗaya bayan ɗaya, ana tsoma ƙarfe ana auna nauyin da ya rasa. Yanzu kuwa kwamfuta na iya lissafa yadda ƙwayar za ta miƙa lantarkinta ga ƙarfe da ƙarfin mannewarta, tun kafin a sayi ko cokali ɗaya. A kan tushen wannan lissafi ne Walter Kohn da John Pople suka sami kyautar Nobel a 1998.

Wannan dama ce gare mu, domin bincike ya nuna cewa lalle da ƙaro da darbejiya na ɗauke da sinadaran da ke rage tsatsa. Sai dai ina jan hankalin malamanmu: lissafin yakan ɗauki ƙwaya guda a kan ƙarfe mai tsabta, alhali cikin bututu akwai zafi da gishiri da laka. Aikin kwamfuta tankaɗe ne, gwaji ne zai yanke hukunci.

Don haka nake kira ga Jami'ar Jihar Kaduna da ta Ahmadu Bello da cibiyar NARICT ta Zariya su zauna da injiniyoyin da ke kula da bututun, a kai sakamakon lissafi ga ƙarfe na gaske. Rigakafi dai ya fi magani.