Daga "Freshman" Zuwa "Senior": Sunayen Da Ke Ruɗa Ɗalibanmu

Duk ɗalibin da ke cike takardar neman gurbi ko tallafin karatu a Amurka yakan ci karo da kalmomi huɗu: freshman, sophomore, junior da senior. Su ne sunayen ɗaliban jami'a daga shekarar farko zuwa ta huɗu.

Tarkon yana ga ta ukun. Mai jin Turanci zai zaci junior sabon shiga ne, alhali ɗan shekara ta uku ake nufi. Ɗan ajin farko da ya zaɓe ta ya ƙara wa kansa shekara biyu, kuma takardar sakamakonsa za ta ƙaryata shi.

Tushen ruɗanin yana tsohon tsarin Jami'ar Kambirij ta Ingila, inda ake kiran manyan ɗalibai junior sophister da senior sophister. Amurkawa suka yar da kalma ta biyu, amma Kwalejin Trinity ta Dublin tana riƙe da ita har yau.

A Nijeriya da lamba ake ƙirga mataki, 100, 200, har ƙarshe. Sabon shiga kuwa "jambite" ake tsokanarsa, daga sunan hukumar JAMB da aka kafa a 1978. Lamba ba ta ruɗa kowa. Saboda haka inda takarda ta ba da fili, ɗalibi ya rubuta shekararsa da lamba.