Idan Kyamarar Kwamfuta Ta Ƙi Aiki

Mutum zai bar gonarsa, ya biya kuɗin mota zuwa gari don a ɗauki hotonsa na katin ɗan ƙasa. Sai a ce masa kyamara ba ta aiki, ya dawo gobe. Ga asarar kuɗi, ga asarar yini guda. Alhali sau da yawa kyamarar lafiyarta ƙalau, direba ne ya sami matsala.

Wannan direba ba na mota ba ne. Wani rubutaccen umarni ne da ke cikin kwamfuta, aikinsa irin na tafinta. Kyamara da yarenta, kwamfuta ma da nata. Idan Bayarabe da Bafulatani suka haɗu a kasuwar shanu, babu mai jin yaren wani, ai ciniki ba zai faɗa ba sai da tafinta. To, haka abin yake. Idan direba ya ɓace, ko ya tsufa, ko an sa na wata kyamara dabam, sai allo ya yi baƙi ƙirin.

A da, kowace kyamara da faifan direbanta take zuwa. A shekarar 2003 aka fito da yare ɗaya na bai ɗaya, mai suna UVC. Shi ya sa yawancin kyamarorin yanzu da an jona su sai su kama aiki.

Amma kada a yi saurin zargin direba. A fara duba waya, a canza mata rami. Wasu kyamarori suna da ɗan murfi a bakin gilashi, kuma mutane da yawa sun sha wahala a kan murfin nan kawai. A kashe kwamfuta a sake kunnawa. A tabbatar Windows ta ba kyamara izinin aiki.

Idan duk da haka shiru, sai a buɗe wurin da ake kira Device Manager. Alama mai ruwan ɗorawa kusa da sunan kyamara tana nufin akwai matsala. A cire direban, a sake kunna kwamfuta, yawanci ita da kanta za ta mayar da shi. In ba ta yi ba, a ɗauko sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera kyamarar kaɗai, domin na wasu shafuka yakan zo da cutar kwamfuta.

Kafin a sayi sabuwa, a gwada tsohuwar a wata kwamfuta. In ta yi aiki a can, ba ita ce da laifi ba.