Wa ya harbo jirgin wa? Yadda masu bincike ke tantance iƙirarin matuƙan jiragen yaƙi

Yau hirar tamu a kan jiragen yaƙi ne, kuma daga nan kusa da mu za mu faro, filin jirgin sama na Kano.

A watan Agusta 1967, ana farkon yaƙin basasa, Tarayyar Sobiyet ta sauke wa Najeriya jiragen MiG-17 a Kano. Cikin watan nan kuma jirgin Biyafara samfurin B-26 ya kawo wa filin hari, har aka yi ta yaɗa cewa an lalata sababbin jiragen. To, wanda ya saki bam daga sama ya juya a guje, ta yaya ya san abin da ya lalata?

Ɗaya daga cikin waɗanda suka tuƙa wa Biyafara B-26 shi ne Jan Zumbach, mutumin Folan. A 1940 yana cikin runduna ta 303, ta 'yan Folan da suka yi wa Ingila yaƙi da Jamus. Rundunar ta ce ta harbo jiragen Jamus 126 a gwabzawar da aka yi a sararin Ingila. Da masu bincike suka buɗe takardun Jamus bayan yaƙi, abin da suka iya tabbatarwa bai wuce 44 zuwa kusan 60 ba. Haka ranar 15 ga Satumba 1940, Ingila ta shelanta cewa ta kakkaɓo jirage 185, alhali asarar Jamus a ranar wajen 60 ce. Jamusawan ma haka lissafinsu yake kumbura.

Kada ku yi saurin cewa maƙaryata ne. Mutum yana gudun ɗaruruwan kilomita a awa, ana harbinsa ta baya, daƙiƙa biyu ko uku kawai yake da su. Matuƙa uku sai su harbi jirgi ɗaya, kowa ya dawo ya ce nasa ne, ka ga ɗaya ya zama uku. Wani jirgin in an taka masa wuta sai injin ya yi baƙin hayaƙi ya sulala ƙasa, mai harbi ya ɗauka ya gama da shi, shi kuwa ya koma gida lafiya lau.

Shi ya sa mai bincike ba ya tsayawa kan littafin wanda ya yi harbi. Littafin wanda aka harba yake nema. Rundunar da ta rasa jirgi dole ta rubuta, don sai ta rubuta za a ba ta wani, kuma sai an sanar da iyalan matuƙin. Kamar ɗan tireda ne a kasuwar Babura: zai iya cika baki a kan ciniki, amma buhun da ya ɓace masa ya san lissafinsa sarai.

Aikin na haƙuri ne. Za ka ɗauki rahoton matuƙi, ka fitar da rana, lokaci, wuri da samfurin jirgin da ya ce ya harbo. Sai ka nufi ɗaya ɓangaren. Ingila tana da littattafan ayyukan kowace runduna, suna nan a ma'ajiyar tarihinta da ke Kew. Jamus kuma tana da jerin asarar da ofishin kayan sojan samanta yake tarawa, da lambar jikin kowane jirgi, har da kason lalacewarsa cikin ɗari. Daga kashi 60 zuwa sama an cire shi daga aiki, ƙasa da haka gyara ne. Nan rigimar take: jirgin da ya sha harsashi ya lallaɓa ya sauka a gona, aka gyara shi, an harbo shi ko ba a harbo shi ba? Ga kuma agogo, don ba kullum lokacin Ingila da na Jamus ke zuwa ɗaya ba, tazarar awa guda sai ta sa ka haɗa faɗan da ba shi ba. Sannan mafi yawan jerin asarar Jamus na 1944 ya ɓace.

Na yaƙin basasarmu ma da lambar jirgi ake bi. Idan an ce an ƙona MiG kaza a Kano ko Fatakwal, sai ka ga lambarsa a hoto yana tashi bayan wata biyu, magana ta ƙare. Irin wannan bin diddigi Michael Draper ya yi a littafinsa Shadows na 1999.

Ni abin da ya ja ni ga wannan batu shi ne sanarwar da muke ji kullum, cewa jirgi ya yi luguden wuta ya hallaka 'yan bindiga da dama. Wannan rahoton mai harbi ne, kuma mun ga yadda yake kumbura ko a hannun ƙwararru. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, daren 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya saki bam kan masu Mauludi. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85, Amnesty ta ce sun haura 120. Littafin ɗaya ɓangaren a nan yana hannun mai gari da liman da iyayen da suka yi jana'iza, suna bayan suna, gida bayan gida.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.